Jegon Cilakowa a Gonakin Ɗambatta

Suna ne ya kai ni. Matar abokin aikina ta sauka lafiya a ƙauyensu, can tsakanin Ɗambatta da Makoɗa a arewacin Jihar Kano, ya ce ba zai tafi ba sai da ni. Muka bar Jos bayan sallar asuba a ƙarshen watan Yuni, muka bi ta Saminaka, muka ratsa dajin Falgore, azahar ta same mu a Kano. Daga nan muka wuce Dawanau, muka kama hanyar Ɗambatta, wadda ke zarcewa Kazaure da Daura.

Na daɗe ina sha'awar kallon tsuntsaye. A wajenmu abin ya fara zama jiki, domin tun da aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, samari da dama sun koyi rataya madubin hangen nesa a wuya. Sai dai abin da muka taso da shi shi ne, mai neman tsuntsu duwatsu da kurmi yake nufa. Muna fita daga Falgore na mayar da madubina cikin jaka.

Daga Dawanau har inda muka sauka daga kwalta ban ga saura ko taƙi ɗaya ba. Gona na jingine da gona. Gero ya kai gwiwa, dawa na biye da shi, an cusa gyaɗa da wake a tsakanin kunyoyi, sai layin gamba ko shingen aguwa da ke nuna iyaka. Duk inda ka waiga mutane ne sunkuye da fartanya ana noman firi. Bishiyoyi ɗai-ɗai suke tsaye a tsakiyar shuka, kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya, ga gawo tsirara, domin shi da damina yake kaɗe ganye, sai rani ya kama ya sa sabo. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki da ke kewaye da birnin Kano tun cikin shekarun 1960. Abin da ya nuna wa duniya shi ne, duk da yawan jama'a da buƙatar itacen girki, bishiyoyin gona ba su ƙare ba, saboda kowace tana da mai ita, yana sassaka reshe ya bar uwa. A wannan ƙasa da ba ta da daji ne na ga abin da ban gani ba a duk shekarun da na yi ina hawan duwatsu.

Tun kafin mu gaisa da mutane shamuwa ta tarbe mu. Akwai wata kuka a bayan masallacin garin, sheƙa fiye da goma a kanta, tarin kirare kamar an aza ƙananan rumbuna a reshe, ƙasan bishiyar fari fat da kashi. Uwa ta sauka, 'ya'ya su miƙo wuya, ta amayo musu abin da ta tsinto a gona. Yara na wasa a gindin, babu wanda ya ɗaga kai.

Mahaifin abokina, dattijo mai kimanin shekara saba'in, ya ga na tsaya na saki baki.

"Ɗana, baƙuwarmu kake kallo? In ta sauka, mai garma ya gyara garmarsa, mai iri ya fito da iri. Ba a jifan ta a garin nan."

"Baba, me take ci?"

"Fara mana. Ka bi ta gona gobe ka gani."

Na bi ta. Tafiya take a tsanake tsakanin kunyoyi, tana kai sara hagu da dama, fara da ɗango da tsutsa. Idan ruwa ya ɗauke a nan ba ta zama jiran wata shekara. Wasu masu bincike 'yan Danmak sun taɓa maƙala wa shamuwa na'ura a Nijar, suka bi ta da tauraron ɗan'adam har Tanzaniya, inda ake damina lokacin da mu muke rani. Damina biyu take ci a shekara, amma a tamu take haihuwa, kuma a tsakiyar gari, bisa kan mutane, inda ta san ba za a taɓa ta ba.

Kashegarin suna, jikan dattijon, yaro ɗan shekara goma sha biyu, ya same ni ina shan koko.

"Baffa, zo in nuna maka inda cilakowa ta kulle kanta."

Ya kai ni wata tsohuwar tsamiya a ƙarshen gonarsu. Da ni kaɗai ne da na wuce ta sau goma. Sama da tsayin mutum kaɗan, inda wani reshe ya taɓa karyewa, akwai kogo, amma an yaɓe bakinsa da laka ta bushe ta yi launin ɓawon itacen. Abin da aka bari wata tsaga ce a tsaye, ƴar siririya, da ƙyar ɗan yatsa zai shiga. Muka koma gefe muka zauna a inuwar wani ƙaramin sabara muka yi shiru.

Ba mu daɗe ba sai ga namijin, da dogon jan bakinsa mai lanƙwasa, ya sauka a wani reshe da fara a baki. Ya duba gabas, ya duba yamma, sannan ya faɗa jikin bishiyar ya manne, ya tokare da wutsiya. Daga cikin tsagar sai ga tsinin wani jan baki ya leƙo, ya karɓi farar, ya koma. Namijin ya tashi. Jim kaɗan ya dawo da buzuzu, sannan gyare, sannan wata koriyar tsutsa. Kowane zuwa abu ɗaya yake kawowa. Mun fi awa guda a wurin, ban ga ya haɗiye ko ɗaya don kansa ba. Can sai muka ga an tsarto kashi daga tsagar, ya faɗi nesa da gindin itacen. Yaron ya ce haka take yi, juyawa take ta saita, ba ta ɓata ɗakinta.

Na karanta labarin nan a littafi, amma karatu daban, gani daban. Ga yadda abin yake. Idan ruwa ya sauka ƙasa ta yi laushi, macen ce ke fara yaɓe bakin kogon daga waje da laka, har ya rage iyakar abin da za ta matsa ta shige. In ta shige sai ta ƙarasa ginin daga ciki da kashinta da ragowar abinci, tana daddaɓawa da gefen baki kamar mai yaɓen ɗaki. A ciki take yin ƙwai, uku zuwa shida, ta kwanta a kansu kwana ashirin da ƴan kai. A cikin wannan zama ne take zubar da gashin fiffikenta da na wutsiya gaba ɗaya, sabo ya riƙa tsirowa a hankali. Yawancin tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya suke sauya gashi don kada tashi ya gagare su. Ita kuwa tun da ba inda za ta, sai ta tuɓe duka lokaci guda. Bayan ƙyanƙyasa takan ƙara kamar mako uku tare da 'ya'yan, har ɗakin ya yi musu kaɗan, abincin da uban ke kawowa ya daina isa. A nan ne take fasa ginin ta fito, su zama su biyu wajen nema.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ke biyo baya. Tana fita, 'ya'yan da ba su taɓa ganin waje ba su ne ke sake toshe ƙofar da kansu, da kashinsu, su bar tsaga irin ta uwarsu. Ba wanda ya koya musu. Sai gashinsu ya cika sannan su fasa su fito.

Duk wannan wahala saboda maƙiya ne. Maciji na hawa bishiya, guza ma haka, ga muzuru, ga wani shaho mai dogayen ƙafafu da sana'arsa ke nan, bin kogunan itace yana zura ƙafa yana zaƙulo 'ya'yan tsuntsaye. Tsagar cilakowa ta fi ƙarfin kowannensu.

Da muka koma gida na ba dattijon labari. Muna zaune a zaure, daga cikin gida hayaƙin ruwan wankan jego na tashi, ana dama wa mai jego kunun kanwa. Ya yi murmushi ya nuna cikin gidan da haɓa.

"Ai duk ɗaya ne. Ita ma sai ta yi arba'in ɗinta da ɗoriya. Shi kuma angon ƙarni yana ta jigila, kamar yadda abokinka ke jigilar itace da nama." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Shi ya sa nake hana yaran nan harbin cilakowa da danƙo da damina. In ka kashe namijin, gida guda ka kashe. Ko ta fasa ta fito, da wane fiffike za ta tashi?"

Wannan magana ta zauna mini a rai. Ban san wata amana a duniyar tsuntsaye da ta kai wannan ba: mace ta shiga rami ta rufe kanta, ta zubar da abin gudunta, ta dogara ga namiji ɗaya ya kawo mata loma-loma ta tsagar da ba ta wuce faɗin yatsa ba. Babban ɗan'uwanta burtu shi ma a kogo yake kwanci, amma ba ya toshe ƙofa. Dattijon ya ce rabon da ya ga burtu a ƙasarsu tun yana saurayi, sai dai kansa da maharba ke ɗaurawa a goshi. Burtu fili yake so mai faɗi da ba kowa. Cilakowa ta iya zama da manomi, muddin ya bar mata tsohuwar bishiya mai kogo.

Rana ta uku yaron ya ja ni fadama, wajen da ruwa ke gangarawa zuwa madatsar ruwa ta Tomas. Akwai giginyu tsaitsaye a wurin, wasu siraran tsattsewa masu launin toka da doguwar wutsiya suna ta kewaya su kamar an harba kibau. Na sa madubi na bi ɗaya, na ga ta shige ƙarƙashin wani busasshen ganye da ya rataya ƙasa, ba ta fito ba. Da na matsa na leƙa daga ƙasa sai na gan ta manne a jikin ganyen, a tsaye, kai sama, iska na kaɗa ta da ganyen gaba ɗaya.

Sheƙarta ke nan. Ɗan tarin gashin tsuntsaye ne da audugar itace da ta cafke a iska, ta liƙa su da yawu a cikin kwarin ganyen, duka bai wuce cikin cokali ba. Ƙwai biyu take yi, kuma su ma da yawu take manne su, shi ya sa guguwar farkon damina ba ta zubar da su. Kowace kaza ta san juya ƙwai lokacin kwanci, ita wannan ba ta da halin juyawa, amma suna ƙyanƙyashewa lafiya. 'Ya'yan na fitowa suke kafa farce, haka za su rataya har su yi gashi. Ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, ba ta sauka ƙasa, ba ta zama a reshe. A sama take ci, ƙananan ƙwari masu tashi, ta tara su curi guda a maƙogwaro ta kawo wa 'ya'yanta. Gidanta duka ganye ɗaya ne, wanda mai neman abin shinge zai iya fizgowa da ƙugiya bai ma san da ita ba. A ƙoƙon giginyar kuma carkin giwa ne ya yi tasa sheƙar, baƙi wuluk mai doguwar wutsiya, muka bar su suna hawan bayan tumaki suna cafke ƙwarin da kofato ya tayar.

Cakwaikwaiwa kuwa a ƙofar gida na same ta. Akwai aduwa kusa da turken awaki, a cikin ƙayarta an cusa wata dunƙulalliyar sheƙa ta ciyawa mai ƙofa a gefe. Irin cakwaikwaiwar nan ce mai jan ciki da farin ido. Ina zaune ina kallo na lura masu kawo abinci sun fi biyu. Wannan ya shiga da gara a baki, kafin ya fito wani na jira, wani kuma na tafe. Na ƙirga biyar.

Wannan ba sabon labari ba ne ga masana, kuma a Kano aka gano shi. Roger Wilkinson, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya bi rayuwar wannan tsuntsuwa a harabar jami'ar, ya buga sakamakon a 1982. Ya tarar suna zama ƙungiya-ƙungiya, goma zuwa talatin, ma'aurata kaɗan ne ke yin ƙwai, sauran suna taya ciyarwa, har tsuntsu ɗaya kan kai abinci sheƙa fiye da ɗaya. Kafin shi Hilary Fry ya ga irin wannan taimakekeniya a Zariya, a wajen wani tsuntsu mai jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma, mai haƙa rami a gaɓar rafi. Da na gaya wa dattijon, bai yi mamaki ba ko kaɗan.

"To ai gandu ke nan, ɗana. Manya na aure, ƙanne na noma. In aiki ya yi yawa a kira gayya."

A yammacin wannan rana aka yi ruwa mai ƙarfi bayan la'asar. Yana ɗaukewa shinge ya ɓalle daga ƙasa kamar hayaƙi, sai sama ta cika. Shirwa na cafka da ƙafa tana kaiwa baki ba tare da ta sauka ba, tsattsewa na ratsawa, balbela da shamuwa na tsinta a ƙasa tare da kaji, cakwaikwaiwa na cika baki ta ruga gida ta dawo, yara na bi da kwanoni. Har gwara da kabare, waɗanda manomi ya sani da ɓarnar hatsi, suna ciki, domin su ma da ƙwari suke renon 'ya'yansu. A 1958 ƙasar Sin ta yi gangamin kashe gwara don ta tsare hatsi, ƙwari suka samu sarari, abin ya shiga cikin dalilan da suka tsananta yunwar da ta biyo baya, dole aka dakatar da gangamin a 1960. A wannan yammaci na fahimci dalilin da ya sa yawancin waɗannan tsuntsaye ke haɗa haihuwarsu da shukar manomi. Ruwan da ke tsiro da gero shi ke tayar da fara da tsutsa, kuma a daidai makonnin da shuka ta fi rauni ne bakunan 'ya'yan tsuntsaye suka fi yawa.

Tsuntsu ɗaya na nema ban gani ba, shi ne carki. Na duba bayan shanun noma da jakuna, na duba garken Fulani da ya wuce ta burtali, babu. Dattijon ya ce da can ba ka ganin sa ba carki a doronsa yana cire kaska, har gashin dabbar yake tsiga ya shimfiɗa a kogon da zai yi ƙwai, amma tun da maganin kaska ya yawaita ya yi wuyar gani. Ya ƙara da cewa makiyaya ba su cika kewarsa ba, don yakan tone gyambo ya sha jini, kuma gaskiya ne. Afirka ta Kudu ta taɓa rasa carki mai rawayan baki a farkon ƙarni na 20, bayan annobar shanu da wankan dabbobi da guba, sai a 1979 aka sake ganin sa a gandun dajin Kruger.

Ranar da za mu tafi, a hanyar fita gari, muka wuce wata gona inda masu zarton inji suka kwantar da wata tsohuwar kanya. Cikinta rami ne tun daga gindi har inda rassa suka rabu. Mai gonar ya sayar da ita ne don ya sayi takin zamani, kuma ba zan ga laifinsa ba, wanda bai san farashin buhu ba shi ke saurin yanke hukunci. Ya ma nuna mana darbejiya uku da ya dasa a madadinta. Ta fuskar ƙidaya bai rage bishiya ba, ya ƙara. Amma darbejiya ƴar shekara biyar ba ta da kogo, kuma ɗacin ganyenta bai bar ƙwari da yawa su zauna ba. Kogon da cilakowa da alhudahuda da carki ke nema sai itace ya tsufa, reshe ya karye, ruwa da gara sun yi shekaru suna aiki. Abin da ke raguwa a gonakin nan tsofaffin bishiyoyi ne, kuma su ba a dasa su a tsofe.

Gaba kaɗan wani saurayi ne goye da tankin feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, balbelu na biye da shi suna tsintar abin da ya faɗi. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta bayyana a Nijeriya a 2016 feshi ya ƙaru a ko'ina. Ba na cewa manomi ya zuba ido tsutsa ta cinye masa guminsa. Ina cewa ne maganin da ba a auna ba yana kashe mai ɓarna tare da mai gadi, ya kuma shiga jikin mai feshin. Wannan aiki ne na malaman gona, da ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke nan Ɗambatta, su shiga ƙauyukan nan su nuna awo da lokacin da ya dace, su kuma saurari dattawa irin mai masaukina, waɗanda suka san wane tsuntsu ke cin me tun kafin a rubuta shi a littafi.

Mako uku da dawowata Jos yaron ya karɓi wayar babansa ya kira ni. Ya ce macen cilakowar ta fito, 'ya'yan sun sake toshe ƙofa, yanzu su biyu ke jigila.

Mai karatu, in kuna da tsohuwar tsamiya ko kanya ko gawo a gonarku, kuma larura ta sa za a sayar, ka zagaya ta tukuna ka duba inda rassa suka karye. In ka ga laka da siririyar tsaga, ka roƙi masu zarto su dawo da kaka. Daga shigar cilakowa kogo zuwa tashin 'ya'yanta bai cika wata uku ba.